Dare a Jami'ul Fana

Ɗan Najeriya ba ya shiga Maroko sai da biza, don haka tafiyar tamu ta fara ne daga ofishin jakadancinsu da ke Abuja, inda muka kai fasfo da tikitin zuwa da dawowa da shaidar masauki da takardar banki. Ni da maiɗakina ne. Niyyarmu Marrakesh, kuma abin da ya fi ja na can shi ne wani fili da ke tsakiyar tsohon garin, Jami'ul Fana, wanda na daɗe ina jin labarinsa a bakin 'yan kasuwa da masu dawowa daga ziyarar Fas. Kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce kasuwar abinci ce, wani ya ce matattarar masu wasa da maciji, wani kuma ya ce wurin tatsar baƙi ne kawai. Na ce to, gani ya kori ji.

Jirgin Royal Air Maroc ya ɗauke mu da sassafe, ba mu cika awa biyar a sama ba muka sauka a filin jirgi na Muhammad na Biyar a Kasabalanka. Layin shige da fice ya yi tsawo. Jami'in da muka samu bai ɗaga murya ba, amma bai bar komai ba: sana'ata, adireshin masauki, ranar komawa. Ya buga hatimi, aka sa wata lamba a fasfo, wadda daga baya masu masauki suka nema don cike takardar 'yan sanda. Na canji kuɗi kaɗan a nan, dala ɗaya ta kama wajen dirhami 10. Agogo kuwa ba mu taɓa shi ba, domin lokacinsu ɗaya ne da namu, sai a watan azumi ne suke mayar da shi baya da awa guda. Sai dai da yake cikin hunturu muka je, asuba ba ta yi sai wajen ƙarfe bakwai, rana kuma ba ta fitowa sai bayan takwas.

Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin ginin filin jirgin saman. Muka shiga zuwa tashar Casa Voyageurs, muka canza zuwa na Marrakesh. Tafiyar kilomita wajen 240 ce, kusan awa uku, tikitin gama-gari kuma yana tsakanin dirhami 100 da 150. Babu abin ba da labari a hanya, sai gonaki da suka riƙa komawa jar ƙasa bayan mun wuce Settat, da wata tsohuwa da ta rantse sai mun ci lemun da ta ɓare. Dab da isa ne maiɗakina ta taɓa ni ta nuna taga. Can kudu duwatsun Atlas ne suka tokare sama, kawunansu fari fat da dusar ƙanƙara, a gabansu kuma itatuwan dabino. Ban taɓa zaton ido zai haɗa waɗannan biyu a kallo ɗaya ba.

A bakin tasha direbobin tasi suka yi mana caa. Na farko ya ce dirhami 100 zuwa filin, kuma wai mitarsa ta lalace. Muka taka gaba kaɗan zuwa bakin titi, muka sami wanda ya kunna mita, bai kai dirhami 30 ba. Mota ba ta shiga lungunan tsohon gari, don haka a gefen filin aka sauke mu, wani mai amalanke ya ɗora jakunkunanmu, muka bi shi a baya. Lungunan ƙanana ne, katangu jajaye dogaye ba taga, ga babura suna keta mutane a guje, ga jakuna da kaya. In ka ji an ce “balak”, to ka manne da bango.

Masaukinmu irin gidajen nan ne da suke kira riyad. Daga waje ƙofa ce ƙarama ta katako, ba ka ce akwai wani abu a bayanta ba. Kana shiga sai ga tsakar gida a buɗe, daɓe da bango duk ado na ƙananan tayil, bishiyar lemo a tsakiya, ɗakuna sun kewaye ta sama da ƙasa. Dirhami 400 a kwana, har da karin kumallo. Wahalar da muka sha a nan ta sanyi ce. An yi ginin ne don maganin zafin bazara, shi ya sa da dare sanyin ke ratsa ƙashi, bargo biyu bai isa ba sai da muka roƙi na uku, alwalar asuba kuwa sai mutum ya yi ta maza.

Da hantsi muka fita ganin filin, kuma gaskiya kallon farko bai burge ni ba. Fili ne makeke mara fasali, ba shi da wani gini na a zo a gani, shaguna da gidajen shayi sun kewaye shi. Akwai jerin kekunan masu matse lemun zaƙi, kofi bai wuce dirhami 10 ba, kuma ban taɓa shan mai daɗinsa ba. Akwai masu dabino da busasshen ɓaure da gyaɗar waje. Akwai masu sayar da ruwa cikin jajayen kaya da faffaɗar malfa, da salka a kafaɗa da kofunan tagulla, waɗanda yanzu hoto ne sana'arsu fiye da ruwan. Can gefe masu maciji suna busa algaita ƙarƙashin lema, kumurci ya fasa kai a gabansu. Waɗanda suka ɓata mini rai su ne masu birai. Birai ne na duwatsun Atlas, jinsin da ke cikin haɗarin ƙarewa, an ɗaure su da sarƙa a wuya, an sa musu riga, ana ɗora su a kafaɗar baƙo ko ya so ko bai so ba, sannan a nemi kuɗi. Na ga yadda ake fizgar wani ƙarami idan ya ƙi. Ban ba da ko sisi a nan ba, kuma ina roƙon duk wanda zai je kada ya bayar, don kuɗin hoton ne ke sa a koma daji a kamo wani.

Masu lalle ma sai an yi hattara da su. Muna cikin tafiya wata ta cafke hannun maiɗakina tana “kyauta ce, 'yar'uwa, kyauta ce”, kafin a ce me har ta zana fure a bayan hannun da sirinji, sai ga kyauta ta koma dirhami 200. Hajiya ba ta da hayaniya, amma ba a taka ta. Ta goge abin da tsumma, ta miƙa mata dirhami 10, ta ce da Larabcinta na Islamiyya, “Ki ji tsoron Allah.” Matar ta karɓa ta juya. Daga baya mai masaukinmu ya kawo wata maƙwabciyarsa ta yi mata jan lalle na gaske a gida, ya kuma gargaɗe mu da baƙin lallen da wasu ke yi a filin, wanda ake haɗawa da sinadarin rinin gashi, yana iya ƙona fata.

Shi ne kuma ya ba mu labarin daren 8 ga Satumba 2023, lokacin da girgizar ƙasa ta afka wa yankin Al Haouz a kudancin garin, ta kashe mutane kusan 3,000, akasarinsu a ƙauyukan kan dutse. A cikin filin kansa hasumiyar wani ƙaramin masallaci, Kharbush, ta rufto. Ya ce a daren da waɗanda suka biyo baya, mutanen unguwa da baƙi duk a filin suka kwana da bargunansu, don nan ne kaɗai babu bangon da zai faɗo wa mutum. Akwai kuma gidan shayi na Argana da ke kallon filin, inda bam ya tashi ranar 28 ga Afrilu 2011 ya kashe mutum 17. An gyara shi, yana aiki. Ofishin 'yan sanda na nan a bakin filin, kuma da dare za ka gan su suna zagayawa, wasu da kaki wasu ba kaki.

Da la'asar sakaliya muka taka zuwa masallacin Kutubiyya, tafiyar 'yan mintuna daga filin, ta gefen layin kekunan doki masu koren fenti. Sarakunan daular Murabiɗai ne suka kafa Marrakesh wajen shekarar 1070, na daular Muwahhidai suka ƙwace ta a 1147, su ne kuma suka gina wannan masallaci. Hasumiyarsa mita 77 ce, babu ginin da ya kama ƙafarta a kewayen, ko ta ina ka ɓata a tsohon gari ita za ka nema da ido. A Maroko wanda ba Musulmi ba ba ya shiga yawancin masallatai, don haka Turawa suka tsaya a waje suna ɗaukar hoto, mu muka shige. Bayan sallar magariba sai na ga mutane sun matso gaba sun zauna a da'ira, suka ɗauki karatun hizbi baki ɗaya da murya ɗaya, da ƙira'ar Warshu. Haka suke yi kullum bayan asuba da magariba, a wata guda su sauke Alƙur'ani. Na zauna na bi su har suka shafa.

Da muka fito, filin da na raina da safe ya ɓace, wani ne daban a wurinsa. Tun kafin ka ƙarasa za ka hango hayaƙi ya turnuƙe sama, fitilu sun haske shi daga ƙasa, ga ƙarar ganguna da ƙarafa da algaita sun cakuɗe. A cikin 'yan awannin da muka yi ba ma nan an turo kekuna, an kafa rumfunan ƙarfe, an jera tebura da bencina, kowace rumfa da lambarta. Kafin gari ya waye kuma za a kwashe komai a share wurin. Kullum haka, rani da damina.

Shiga layin masu abinci sai da ƙarfin hali. Kowace rumfa tana da samari masu kiran ciniki, riƙe da takardar jerin abinci, suna tare hanya. Suna da ido ƙwarai. Da sun gan mu sai su fara, “Senegal? Mali?” Ina cewa Najeriya sai a ɗauka, “Okocha! Osimhen! Zo nan, Alhaji!” A cikin wannan turmutsitsi ne na ce wa maiɗakina ta riƙe jakarta da kyau, sai na ji an ce a bayana, “Sannunku da zuwa, Kawu. Daga ina?” Wani saurayi ne ɗan Damagaram, yana karatu a Jami'ar Alƙali Iyad da ke garin. Jin Hausa a wannan wuri ya yi mini daɗin da ba zan iya kwatantawa ba. Ya rusuna ya gaida Hajiya, ya ce, “Umma, ku biyo ni, kada ku zauna inda ake kiranku. Ku duba inda 'yan gari suka cika benci.”

Wannan shawara ita ce mafi amfani da na samu a tafiyar. Ya bayyana mana cewa a wasu rumfunan da ka zauna za a dire maka burodi da zaitun da 'yar miya ba ka tambaya ba, ka ɗauka kyauta ce, sai a wurin biya ka ga an lissafa. In ba ka so, ka ce a ɗauke tun kafin ka taɓa, kuma ka tambayi kuɗin komai kafin a zuba. Ya kai mu wata ƙaramar rumfa da ba ta da mai kira ko ɗaya, harira kawai ake sayarwa. Romo ne mai kauri na tumatir da ƙananan wake da 'yar taliya da ganye, ana sha da cokalin katako, a haɗa da dabino ko wani soyayyen fulawa mai zuma da riɗi da suke kira shabakiya. Kwano dirhami 5. Da shi suke buɗa baki a azumi, kuma a wannan sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Kusa da ni wani lebura ne da ƙurar siminti a rigarsa, gefensa wani mai kwat da jakar ofis, duk a benci ɗaya.

Daga nan muka nufi layin masu kan rago, inda kawuna ke jere a kan tire tururi na tashi, mai rumfa na yanka da wuƙa yana barbaɗa gishiri da wani garin ƙamshi da suke kira kamun. A nan na ci tanjiya, abincin da Marrakesh ke tinƙaho da shi. Nama ake zubawa a wani dogon tulun ƙasa, a sa tafarnuwa da kamun da za'afaran da lemun tsamin da aka daɗe da jiƙawa a gishiri da tsohon man shanu, a rufe bakin da takarda a ɗaure. Ba a ɗora shi a murhu. Kai shi ake yi wurin mai hura wutar gidan wanka na unguwa, ya binne shi a toka mai zafi ya yi awanni yana nuna a hankali. Asalinsa girkin maza ne, masu sana'ar hannu ke haɗa kuɗi su yi don ranar hutunsu. Da aka juye mana a faranti, naman da kansa yake rabuwa da ƙashi, burodi kawai ka sa ka ɗebo. Na biya dirhami 70, kuma ya ci kuɗinsa. Abin da ya rage shi ne yaji, don girkinsu ƙamshi ne da shi ba zafi ba, sai ka nemi harisa, wato markaɗaɗɗen barkononsu, a kawo maka a gefe. Masu dodon koɗi kuwa, da manyan tukwanensu da mutane tsaye suna zaƙulowa da tsinke suna kurɓar romon, Hajiya ta ce ko kusa, ni ma na bi bayanta. Muka rufe da wani shayi ja mai zafi da ake zubowa daga manyan tankunan tagulla, mai citta da kirfa da kanumfari, wanda ke sa gumi a tsakiyar hunturu.

Abinci ya yi, amma ba shi ne ya riƙa mayar da ni filin a sauran dararen ba. Bayan rumfunan, inda hasken fitilu ya ragu, mutane ne tsaye a da'ira-da'ira, kowace da fitila ɗaya a ƙasa a tsakiya. Halƙa suke kiran kowace da'ira. Kuma abin da na lura shi ne, a nan baƙi ba su da yawa, 'yan ƙasa ne, da ƙauyawan da suka shigo gari, da iyalai da yara a kafaɗa. Wata halƙar ta mawaƙan ƙabilar Amazig ce daga yankin Sus, da gogensu mai tsirkiya ɗaya, jama'a na amsa musu amshi. Wata ta masu tsalle-tsalle ce da ke hawa kan juna. Akwai masu maganin gargajiya da suka baza saiwoyi da ƙwan jimina, akwai masu duba, akwai maza masu rawa cikin shigar mata da ban tsaya wurinsu ba, akwai masu wasan kamun kwalbar lemo da sanda da zare.

Sai da ɗan Damagaram ya yi ta tambaya kafin muka sami mai ba da labari, can a wani gefe. Dattijo ne cikin jallabiya mai hula, da sanda a hannu, mutanen da suka kewaye shi ba su da yawa. Larabcin gari yake yi, wanda ni ba na kama ko rabinsa, yaron ne ke raɗa mini fassara. Labarin wani sarki ne da wazirinsa maci amana. Amma ko ba fassara za ka san gwani ne. Yakan rage murya har sai kowa ya sunkuyo, ya daka sanda a ƙasa mutane su zabura, ya zama sarki, ya juya ya zama tsohuwa. Da ya kawo daidai inda aka zare takobi sai ya tsaya cak, ya ce a yi salati ga Annabi, aka yi. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga iyayen duk wanda zai taimaka, aka jefa 'yan sulalla, sannan ya ci gaba. Na dubi abin da aka tara masa, bai kai kuɗin farantin tanjiyar da na ci ba. Na sa masa abin da ya sawwaƙa, kuma na koma wurinsa washegari.

Saboda irin wannan dattijo ne duniya ta san darajar filin. A shekarun 1990, da aka fara maganar gine-ginen zamani a kewayensa, wani marubuci ɗan Sifaniya mazaunin garin, Juan Goytisolo, tare da wasu 'yan Maroko suka tashi tsaye suka ce abin da ake yi da baki a fili shi ma gado ne, kamar yadda gini yake gado. Maganarsu ta kai ga UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a 2001 Jami'ul Fana ya shiga jerin farko na abubuwa 19 da hukumar ta ayyana a matsayin gadon ɗan Adam na baka. Tsohon garin kansa tun 1985 yake cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Abin baƙin ciki shi ne, sunan da masu labari suka jawo wa filin ya kawo baƙi, baƙin kuma ba sa jin harshen, abinci da hoto suke saye. Tsofaffin masu labarin suna ta ƙarewa, ga talabijin da waya sun ɗauke masu sauraro. An ce mini akwai matasa da ke koyo a wurin waɗanda suka rage, suna yi a gidajen shayi, wani lokaci da Turanci. Hakan ya fi babu. Amma labarin da ake saurara a kan kujera bayan an sayi shayi daban yake da wanda lebura zai tsaya ya ji kyauta a hanyarsa ta komawa gida.

A tsaye a wannan halƙa na tuna dandalin unguwarmu lokacin muna yara, da ranar kasuwa idan gardawa suka zo da kura da maciji, 'yan kama suna sa manya dariya har da hawaye, 'yan gambara na zuba habaici, da dare kuma 'yan mata na gaɗa a farin wata. Duk abin da na gani a Marrakesh muna da irinsa, wani ma namu ya fi. Babu wanda ya kafa doka rana ɗaya ya ce a daina. Filin ne aka yanka aka yi shaguna, wani aka kewaye shi da katanga, masu wasan suka rasa inda za su tsaya, 'ya'yansu suka kama wata sana'a. Mu ba mu sami waɗanda za su tsaya su ce fili wanda ba a gina komai a kansa ba shi ma dukiya ne. Yau in kana son ɗanka ya ga ɗan kama sai dai ka nemo masa tsohon bidiyo. Mutanen Marrakesh, duk da cinikin da ya cinye rabin filinsu, sun bar wa mai sanda da labari inda zai tsaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Halƙar da ta fi taɓa ni bayan wannan ita ce ta Gnawa. Baƙaƙe ne akasarinsu, da riguna masu launi da huluna da aka yi wa ado da wuri, da tuntu a sama da suke juyawa da kai. Suna kaɗa ƙarafa irin sambani da manyan ganguna, babbansu kuma na riƙe da wani molo mai tsirkiya uku mai kauri da suke kira gimbiri. Jikokin bayin da aka ƙetaro da su Sahara ne daga ƙasashenmu na yamma, kuma har yau a waƙoƙinsu ana jin ambaton Bambara da Fulani da Hausa. UNESCO ta sa kiɗansu a jerinta a 2019. Wanda suke yi a fili na neman kuɗi ne, gajere, da ka tsaya za a miƙo maka hula. Na ainihin a gidaje ake yinsa, kwana ake yi ana kaɗawa. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya dafa ƙirji ya ce “khuya”, wato ɗan'uwana. Na rasa abin da zan ce masa. Garin nan yana da tsohuwar alaƙa da mu, mai daɗi da mara daɗi. Daga nan Sarki Ahmad al-Mansur ya tura rundunar da ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, kuma nan aka kawo Shehu Ahmad Baba na Timbuktu a kame, ya yi shekaru yana karantarwa kafin a bar shi ya koma gida. Malamin tarihin Timbuktu, Abdurrahman as-Sa'adi, ya rubuta cewa shi wannan sarki ya fara gina wani babban masallaci a wannan fili, bai kammala ba.

A wani daren muka hau saman ɗaya daga cikin gidajen shayin da ke kewaye, inda sai ka sayi abin sha kafin a bar ka ka zauna. Shayin na'a-na'a dirhami 25, ninkin na ƙasa, amma daga can ne za ka ga fasalin abin: layukan rumfuna cikin hayaƙi, baƙaƙen da'irori na mutane suna buɗewa suna rufewa, hasumiyar Kutubiyya a haske can gefe. Da aka kira isha'i sai ganguna suka yi shiru har aka gama kiran, sannan suka ci gaba. Ban ga ana sayar da giya a rumfunan filin ba. Masu neman wannan irin dare, na gidajen rawa da mashaya, sabon gari suke tafiya, unguwannin Gueliz da Hivernage, waɗanda suka samo asali daga zamanin mulkin Faransa da ya fara a 1912. Mun ratsa ta can a tasi, manyan otal-otal ne da motoci masu tsada da masu gadi a ƙofa. Wancan dare na mai kuɗi ne. Na Jami'ul Fana kuwa ko da dirhami 5 ka shigo za ka sha harira, ka ji kiɗa, ka koma gida, kuma mata da yara suna nan har wajen sha ɗaya.

Kafin mu bar garin ɗan Damagaram ya raka mu ziyarar biyu daga cikin waliyyai bakwai da ake danganta Marrakesh da su: Alƙali Iyad mai littafin Ashafa, kusa da ƙofar Bab Ailan, da Imam Jazuli mai Dala'ilul Khairati. Wurare ne marasa hayaniya a cikin unguwa, babu mai kiran ciniki. Da za mu rabu na ba shi ɗan abin sayen littafi, ya ƙi karɓa sai da Hajiya ta ce, “Karɓi mana, ɗana, ai ba a mayar da hannun uwa.” Ya ba mu saƙon man zaitun mu kai wa wata 'yar'uwarsa da ke aure a Kano.

Muka koma Kasabalanka a jirgin ƙasa kamar yadda muka zo. Doka ba ta yarda a fita da dirhami mai yawa daga ƙasar ba, don haka na canza ragowar a filin jirgi kafin mu shiga layin bincike. Jirginmu ya tashi cikin dare, muka sauka Abuja da asuba lafiya, alhamdulillahi.